Tafiyata Ikko a Motar Kifi Neman Aikin Inshora

Tun da na dawo daga Ikko ban samu sakat ba. Duk inda na bi a Haɗeja, daga bakin kasuwar kifi har majalisarmu ta gindin dalbejiya, tambayar ɗaya ce: "Bukar, ya Ikko? An samu kuwa?" Wasu da gaske suke son ji. Wasu kuwa sun riga sun ji, so suke su ji daga bakina don su samu abin dariya. Shekaranjiya wani ya tare ni a tashar Keke yana cewa an ce na mari wata mata a ofis. Ban mari kowa ba. Ga yadda abin ya faru, na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Lissafi na karanta a jami'a. Karatun shekara huɗu ne, amma yajin aikin malamai ya mayar da shi kusan shida. Na yi bautar ƙasa, na dawo gida ina taya Baba noman shinkafa a fadama ina kuma neman aiki. Sai na ga tallar wani babban kamfanin inshora: suna neman matasa da za su horar su zama manajoji. Sharaɗi guda ya tsaya mini a rai, kada mai nema ya haura shekara ashirin da bakwai. Ni kuwa a ranar saura mako biyu in cika ashirin da takwas.

Sunusi, abokina tun firamare, ya ce, "Kai dai tashi mu je kotu a yi maka takardar rantsuwa, a sauke ka zuwa ashirin da biyar. Kowa haka yake yi."

Na ce, "Yau dai ban haura ba." Na cike fom ɗin da shekaruna na gaskiya, na tura.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Su me suke sayarwa?"

Na ce, "Alkawari, Baba. Kana ba su kaɗan-kaɗan, ranar da asara ta same ka su biya ka."

Kawu Kyari, ƙanen mahaifiyata mai fataucin bandar kifi, yana zaune a wurin. Ya ce wannan ai caca ce da aka sa wa kwat. Na ce masa akwai irin ta Musulunci, wadda ake haɗa kuɗi don taimakon juna, kuma kamfanin yana da sashenta. Baba kuwa sai da ya je ya tambayi malaminsa, bayan kwana biyu ya ce mini, "Ci gaba."

Matakin farko jarrabawa ce ta kwamfuta, kyamara tana kallonka. Na yi ta a wani shagon buga takardu, janareta yana ruri a bakin ƙofa. Ina tsakiyar tambayoyin lissafi wata tsohuwa ta leƙo ta bayana tana tambayar ko nan ake wanke hoto. Nan take kwamfutar ta rubuta gargaɗi da ja cewa ta ga fuska ta biyu. Na ce wa tsohuwar, "Iya, ki yi wa Allah ki matsa," ban ko waiwaya ba. Na ci. Bayan wata biyu aka yi mataki na biyu, inda tambaya take fitowa a rubuce ka amsa da baki, babu kowa a ɗaya ɓangaren. Ban taɓa gaida bango ba sai ranar. Shi ma na ci. Daga nan shiru, har na fid da rai. Wata Juma'a sai ga saƙo: ana nemana a babban ofishinsu da ke Ikko ranar Alhamis da ƙarfe takwas, cikin kwat, kuma kowa zai kai kansa.

Kawu Kyari, mai cewa caca ce, shi ya samo mini mota. Tirelar da ke kai kifinsa kudu za ta tashi Litinin da safe. Direban sunansa Sale, mutumin Kaugama, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya rabuwa da goro. A gaban motar na tarar da wata mata ta riga ta zauna, ta baje kayanta. Bayarabiya ce, ana kiranta Mama Risi, shekara da shekaru tana zuwa Haɗeja sayen busasshen kwaɗo tana kaiwa kudu. Mu muna kama shi mu busar mu sayar, su ne suke ci. Hausarta irin tamu ce ta gabas, har da karin harshen, in ka rufe ido sai ka rantse a bayan gidanmu aka haife ta.

Ba mu kai Kano ba sai da ta gama sanin komai a kaina. Ta ce, "To ɗana, mu gwada. Ni ce shugabar kamfani. Me ya sa za mu ɗauke ka?"

Na fara amsawa. Ta buga mini hannu a gwiwa. "Ina kake kallo?"

"Ƙasa, Mama."

"Me ka ajiye a ƙasan? A gidanku in ka kalli babba ido cikin ido, an ce ba ka da kunya. A can in ka sunkuyar da kai, sai su ce ɓarawo ne ko maƙaryaci. Kalle ni."

Daga Zariya har Kaduna ina koyon kallon tsakiyar idon matar da ta isa ta haife ni. Da na manta sai in ji duka a gwiwa. Sale yana dariya har goro yana sarƙe shi.

Kashegari, mun wuce Bida muna dosar Mokwa, tayar baya ta fashe. Muka tsaya a gefen hanya wajen awa huɗu. Na tuɓe riga na kama aiki tare da Sale da wasu direbobi biyu da suka tsaya taimako. Ana cikin haka hadari ya taso. Jakata tana ɗaure a saman kan motar, sai Sale, don kirki, ya ciro ta ya cusa ƙarƙashin tamfol tsakanin kwalayen kifi. Kwat ɗina tana ciki, wadda tela ya yi kwana uku yana gyara mini. Ban tuna da jakar ba sai a Ikko.

Ba mu ƙetare iyakar wata ƙasa ba, amma Sale ya ce gadar Jebba ita ce iyaka. Da muka hau kanta ya nuna mini kogin Kwara da haɓa, ya ce, "Ɗan boko, kalli ruwa. Daga nan gaba, sannu ba ta sayen komai." Shingayen masu katako da ƙusa suka ƙaru, kowanne da irin takardar da yake nema. Sale bai taɓa ɗaga murya ba. Mama Risi ce take leƙa taga ta zazzaga musu Yarabanci har su ɗage katakon da kansu.

A Ilori ta sa na ci amala. Baƙi ne, mai santsi, da miya kala biyu a kwano ɗaya, ga barkono kamar da gayya aka zuba. Na ce mata tuwon shinkafarmu ya fi. Ta ce, "Mai cin kwaɗo ne kawai ya san daɗinsa, ci ka yi shiru." Na cinye, hawaye yana zuba, na kuma ƙi neman ruwa a gabanta.

Laraba da la'asar muka shiga Ikko. Na sauka a Agege wajen Malam Gambo, wakilin Kawu, a wani ɗaki da Haɗejawa masu sayar da kifi suke kwana su shida. Sun karɓe ni kamar sun san ni tun ina goye, kowa yana tambayar ruwa ya kai ina a bana, ko gonar wane ta tsira. Na buɗe jaka don in rataye kwat. Ɗakin kullum warin kifi yake yi, amma sai da mutum biyu suka juyo. Kwat ɗin ta sha hayaƙin banda na yini da kwana. Muka shanya ta, muka fesa mata turare, sai ta koma warin kifin da ya je biki.

Malam Gambo ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan in ka shiga da ita, kyanwa ce za ta yi maka intabiyu." Ya buɗe akwatinsa ya ciro farin kaftani na shadda a goge, da hula zanna. "Na Juma'ata ne. Tsawonmu ɗaya."

Na ce, "Sun ce kwat."

Ya ce, "To sa kwat ɗin."

Na sa kaftani.

Ana sallame Asuba na fita, domin an ce a Ikko tafiyar da ba ta kai daga Haɗeja zuwa Malam Madori ba tana iya cin awa uku. Haka kuwa aka yi. A cikin bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa babu mai gaida kowa, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran sunayen unguwanni kamar ana faɗa. Muka hau wata doguwar gada a kan ruwa. Na yi ta kallon ruwan nan mai yawa, babu ko kadada ɗaya ta shinkafa a bakinsa.

Ofishin dogon bene ne na gilashi. Masu kwat suna ta wucewa, ni kaɗai mai gadi ya tare. Ya ce da ni cikin Turancin kasuwa, "Aboki, ba a canjin dala a nan." Kalmar da muke kiran wanda muke ƙauna da ita, a bakinsa ta zama wani abu dabam. Na ciro takardar gayyata, na kalle shi a ido yadda aka koya mini, na ce, "Sunana Bukar. Duba jerin sunayenka." Ya duba, ya matsa.

A sama aka raba mu shida-shida a kan tebur. Sanyin ɗakin ya fi na randa. Abin da ya fara ba ni mamaki, yara matasa suna kiran wata mata mai furfura da sunanta kai tsaye, ita kuma tana amsawa. Ita ce shugabar kwamitin ɗaukar ma'aikatan. Ni dai Madam na kira ta har na bar garin. Kusa da ni wata yarinya ce daga Inugu, Adaeze, wadda ta ara mini biro da nawa ya ƙi rubutu.

Aka ba mu aiki: mu tattauna yadda kamfani zai sayar wa ƙananan manoma inshora, alƙalai suna gefe suna rubutu. Wani mai suna Femi, wanda ya yi karatu a waje, ya karɓe maganar. Turancinsa kamar ruwan famfo. Ya ce a yi manhajar waya, manomi ya riƙa biya duk wata. Sauran suka bi shi. Na bari sai da ya numfasa, na ce manomin da na sani ba shi da kuɗin wata-wata, kuɗinsa yana zuwa ne bayan girbi, kuma lokacin shuka shi ne lokacin da ya fi kowa talauci.

Femi ya katse ni. Na ɗaga hannu na ce, "Ban gama ba."

Na ci gaba. Na gaya musu yadda ruwa yake zuwa mana a ƙarshen damina, shinkafa ta fid da kai, a wayi gari gona ta zama tafki. Na gaya musu labarin kacalla, doguwar ciyawar da take toshe hanyoyin ruwa, ta kai shi inda ba a so ta hana shi inda ake so, tsuntsaye jan-baki kuma su yi gida a cikinta su cinye abin da ruwa ya bari. Na ce manomi ba zai ba waya kuɗinsa ba. Zai ba mutumin da ya san gidansa, wanda in ya ci amana za a same shi a masallaci. Na ce a karɓa bayan girbi, ta hannun ƙungiyarsu, kuma shekarar farko da aka yi asara a biya a bainar jama'a kafin ruwan ya janye. Na ga Madam ta ajiye biro tana kallona.

Da aka tashi, Adaeze ta ce a hankali, "Ka kashe su."

Bayan azahar aka zo tantance takardu kafin ganawar ƙarshe. Jami'ar da ke yi, wata siririya mai tabarau, ta ɗauki takardar haihuwata, ta duba, ta sake dubawa.

Ta ce, "Mista Bukar, shekarunka ashirin da takwas da wata huɗu. Ka haura. Ba za ka shiga ganawa ba."

Na ce, "Duba ranar da na tura fom. A ranar ban haura ba. Wata biyar ɗin da ke tsakani ku kuka ci su, ba ni ba."

"Na'ura ce take tacewa."

"Na'urar ce ta gayyato ni daga Haɗeja."

Ta ce doka doka ce, ta tura mini takarduna, ta kira na gaba. Na gaban kuwa wani ne mai furfura a gemu, na ji da kunnena ana karanta masa ashirin da biyar. Adaeze ta biyo ni baranda ta ce, "Rabin ɗakin nan sun kai talatin. Ka tona su mana."

Na ce, "Ba su na zo nema ba."

Ban tafi ba. Na samu kujera daidai ƙofar ɗakin ganawar na zauna, takarduna a cinya. Jami'ar ta fito sau biyu ta ce in tafi. Na farko na ce ina jiran Madam. Na biyu ta ce za ta kira masu gadi, na ce ta kira, amma sai dai su ɗauke ni da kujerar. Ba ta kira ba. Cikina babu komai tun shayin safe. Na sauka na yi La'asar a ƙarƙashin matakala na dawo na tarar da kujerata. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga suka fito, Femi, Adaeze, mai furfurar gemu. Wajen ƙarfe biyar da rabi Madam ta fito da jakarta, maza biyu suna biye da ita. Na miƙe na tsaya a gabanta.

Na ce, "Madam, kwana biyu da rabi na yi a motar kifi kafin in zo nan. Minti goma nake nema."

Ta dubi jami'ar, aka yi mata bayani. Ta dubi agogo, ta juya ta koma ɗakin. Mazan biyu suka bi ta ba da son ransu ba.

Sun yi mini tambayoyin lissafi, na amsa. Ɗaya daga cikin mazan ya tambaye ni dalilin zuwana babu kwat, na gaya masa gaskiya, har Madam ta rufe baki da hannu. Sai ɗayan, mai ƙiba, ya jingina da kujera ya ce, "Bari in tambaye ka tsakaninmu. Kai ba yaro ba ne, ka san yadda ake yi. Me ya hana ka gyara takardarka kamar kowa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuna sayar da inshorar rai. In mutum ya rage shekarunsa a fom ɗinku, ya rasu, kuka gano, me kuke yi wa iyalinsa?"

Ya ce, "Akan samu matsala wajen biya."

Na ce, "To ni ne zan zauna a teburin da ake gaya wa matarsa haka. Da wace fuska?"

Madam ta rubuta wani abu ta ce za su tuntuɓe ni. Minti ashirin da biyar na yi a ciki.

Na dawo a babbar bas ta Kano, kwat ɗina a leda daban, na ɗaure bakinta tam. Mako uku ina jira. Ranar da wayar ta zo ina fadama muna korar tsuntsaye. Jami'ar mai tabarau ce. Ta ce kwamiti bai amince ya ɗage sharaɗin shekaru ba, amma sun yaba da ni ƙwarai. Don haka suna ba ni aikin wakili a yankinmu, babu albashi, sai la'ada a kan duk manomin da na kawo.

Na ce, "Wato shawarata ta yi, ni ne ban yi ba."

Ta ce mutane da yawa roƙon wannan damar suke.

Na ce, "To ki ba su. Na gode."

Kawu Kyari ya ce na haukace. Sunusi kallona kawai ya yi, kuma na fi jin zafin wannan. Bayan kwana biyu Madam da kanta ta kira. Ta ce su uku ne suka yi ƙuri'a, ita kaɗai ta tsaya mini. Ta ce akwai jarrabawar ƙwararrun ma'aikatan inshora, ana yi a Kano, in na ci matakin farko in aika mata da sakamakon, domin akwai ƙofar da ba ta waɗanda ake ɗauka a horar ba. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na yi rajista. Littattafan suna nan, da su nake zuwa gona.

Wanda na fi jin nauyin gaya wa shi ne Baba. Na same shi a zaure da hantsi yana gyaran bututun injin ban ruwa. Na zauna na kwashe komai na faɗa masa, har wayar ƙarshe. Bai ɗago ba sai da na gama.

Ya ce, "Da ka rage, da sun ɗauke ka?"

Na ce, "Da sun ɗauke ni, Baba."

"Shekara nawa ake bukata?"

"Ɗaya ma ta isa."

Ya ajiye bututun, ya goge hannunsa a riga. Ya ce, "Wacce za ka cire? Wadda ruwa ya ci gona muka kwashe abin da ya rage a kwalekwale ni da kai, ko wadda ka yi jinyar mahaifiyarka? Ko ta yayenka? Ni duk ina wurin. Ban ga wadda ta yi yawa ba."

Ya miƙo mini bakin bututun ya ce in riƙe masa da kyau, zai ɗaure.